Tambaya da Amsa: Abinci Haƙƙi Ne Ko Haja a Tsarin Jari-Hujja?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne mai karatun tattalin arziki, kuma mun daɗe muna gardama da wani abokin karatuna a kan wata magana. Shi yana cewa a tsarin jari-hujja abinci haja ce kamar kowace haja, domin manomi ya zubar da guminsa, ɗan kasuwa kuma ya zuba jarinsa, saboda haka duk wanda ya ce yana da haƙƙi a kan abinci, to cewa yake yi yana da haƙƙi a kan wahalar wani. Ni kuwa ina ganin wanda ba shi da abin da zai ci, sauran haƙƙoƙin da ake cewa yana da su ba su da amfani a wurinsa. Wane ne ya fi kusa da gaskiya a cikinmu? Kuma zai yiwu a mayar da abinci haƙƙi ba tare da an rushe kasuwa ba?

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ra'ayina shi ne ya kamata samun abinci ya zama haƙƙi, kuma hakan yana yiwuwa kasuwa na ci gaba da ci, amma ina ba ka shawara kada ka raina hujjar abokinka, domin akwai gaskiya a cikinta wadda masu ra'ayi irin naka suke yawan tsallakewa.

A rubuce dai an riga an wuce wannan gardama. Sashe na 25 na Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta 1948 ya ambaci abinci a cikin abubuwan da kowane mutum ya cancanta, sannan sashe na 11 na yarjejeniyar haƙƙoƙin tattalin arziki da zamantakewa da al'adu, wadda aka amince da ita a 1966 ta fara aiki a 1976, ya fito fili ya ce kowa yana da haƙƙin samun isasshen abinci da kuma kuɓuta daga yunwa. Ƙasashe fiye da 170 sun ɗaure kansu da wannan yarjejeniya, kuma mafi yawansu a kan jari-hujja suke tafiyar da tattalin arzikinsu. Amurka ta sa hannu a 1977, zamanin Shugaba Jimmy Carter, amma har yau majalisar dattawanta ba ta tabbatar da ita ba. A watan Disamba na 2021, lokacin da Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya kaɗa ƙuri'a a kan ƙudurin haƙƙin samun abinci, ƙasashe 186 suka goyi baya, Amurka da Isra'ila kaɗai suka ƙi. Abin lura shi ne Amurkar nan ta shafe shekaru tana kan gaba wajen ba Hukumar Samar da Abinci ta Duniya kuɗi. Bayarwa ba ta dame ta ba, abin da ta ƙi shi ne a ce bayarwar ta zama wajibi a kanta, kuma a nan ne gizo yake saƙar. Wanda ya samu kyauta godiya ce tasa, in an hana shi sai haƙuri, amma mai haƙƙi yana iya tsayawa a gaban alƙali ya nemi a biya shi.

To, me wannan haƙƙi yake nufi a aikace? A 1999 kwamitin da ke sa ido a kan yarjejeniyar ya yi bayani, ya kuma ɗora nauyin a kan hukuma, manomi da mai shago ba su ne ake bi bashi ba. An buƙaci hukuma da kada ta raba mutum da hanyar cin abincinsa, kamar ƙwace masa gona ba diyya. Ta kuma hana wasu yin haka, ko kamfani ne da ke gurɓata ruwan masunta ko 'yan kasuwa da suka haɗa baki suka ɓoye kaya. Sannan ta share wa mutane hanyar ciyar da kansu. Sai idan mutum ya gaza saboda dalilin da ya fi ƙarfinsa, kamar tsufa ko naƙasa ko fari ko yaƙi, ne ciyar da shi kai tsaye yake hawa kan hukuma. Babu inda aka ce mai jin yunwa ya fasa rumbun wani ya ɗiba, kuma babu inda aka ce a raba wa kowa abinci kyauta yana zaune. Wannan kaɗai ya amsa rabin hujjar abokinka.

Ragowar rabin yana buƙatar mu duba yadda kasuwa take aiki. Duniya tana noma hatsi wajen tan biliyan 2.8 a shekara, mutanenta kuma sun ɗan haura biliyan 8, wato kusan kilo 350 ga kowane mutum ɗaya, tun kafin a lissafa doya da dankali da wake da kifi da madara. Duk da haka, rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 733 ne suka yi fama da yunwa a 2023, kuma a 2022 wajen biliyan 2.8 ba su da halin sayen abinci mai gina jiki. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar ta ce a 2022 an zubar da abinci tan biliyan 1.05 a gidaje da shaguna da wuraren cin abinci. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na masarar da Amurka ke nomawa ana mayar da ita makamashin mota. Babu wani mugun mutum da ya zauna ya tsara haka. Kasuwa tana kai kaya ne inda kuɗi yake, kuma abin da masana fanninku ke kira buƙata a kasuwa shi ne buƙatar da ke da kuɗi a bayanta. Yaron da mahaifinsa ya rasa aiki yana jin yunwa ƙwarai, amma yunwarsa ba ta motsa farashi ko kaɗan, alhali tankin motar mai kuɗi yana motsa shi. Idan talabijin ce ko turare, wanda ba shi da kuɗi sai ya haƙura har ya samu. Abinci ba ya karɓar irin wannan jira, kuma yaron da ya rasa abinci mai gina jiki a kwanaki dubu na farkon rayuwarsa yakan tashi da tsumburewar jiki da raunin ƙwaƙwalwa waɗanda kuɗin da za a samu daga baya ba sa gyarawa gaba ɗaya.

Wanda ya fi kowa fito da wannan batu shi ne Amartya Sen, masanin tattalin arziki ɗan Indiya da ya samu kyautar Nobel a 1998. A binciken da ya wallafa a 1981 ya duba yunwar yankin Bengal na Indiya ta 1943, wadda ta kashe mutum wajen miliyan 3, ya nuna cewa abincin da ke yankin a shekarar bai gaza na 1941 ba, shekarar da ba a yi yunwa ba. Akwai masana tarihi da ke jayayya da shi a kan yawan amfanin gonar, amma ba a jayayya a kan waɗanda suka mutu. Kuɗin Yaƙin Duniya na Biyu ya malala a birnin Kalkata, farashin shinkafa ya ninka sau da dama cikin 'yan watanni, hukumar mulkin mallaka ta tabbatar ma'aikatan birni da na masana'antu sun samu rabonsu, ta kuma ƙwace jiragen ruwan mutanen bakin teku don tsoron mamayar Japan. Leburan gona da ke karɓar ladansa da kuɗi sai ya tarar ladan yini ba ya sayen ko rabin shinkafar da yake saye a da. Masunci ya rasa jirginsa, wanzami da masaƙi suka rasa masu ba su aiki, domin kowa ya tattara abin hannunsa a kan ciki. Waɗannan su ne suka yi ta faɗuwa a titunan Kalkata, a birnin da shinkafa take a shaguna. Haka aka sake gani a Bangladesh a 1974, inda ambaliya ta hana leburori aikin dashen shinkafa, suka rasa lada, farashi ya tashi, aka yi yunwa a shekarar da abincin ƙasar ya fi na shekarun da ke kusa da ita. Kafin su kuma akwai Ayalan tsakanin 1845 da 1852, inda mutum kusan miliyan ɗaya suka mutu bayan cuta ta lalata dankalin da talakawa suka dogara da shi, alhali jiragen ruwa suna ci gaba da fita da hatsi da dabbobi zuwa Ingila, mahukunta a Landan kuma suna jan ƙafa don kada su dagula kasuwa.

Yanzu ga inda abokinka yake da gaskiya. Yunwa mafi muni a ƙarni na 20 ta faru ne a ƙasashen da suka rushe kasuwa. A Tarayyar Sobiyet, bayan an tilasta wa manoma shiga gandun gwamnati ana ƙwace hatsinsu, miliyoyi suka mutu a 1932 da 1933, musamman a Yukren da Kazakistan. A Sin kuwa, tsakanin 1959 da 1961, ƙiyasin masana na waɗanda suka mutu ya kai mutum miliyan 30 ko fiye, domin jami'ai suna aika rahoton amfanin gona na ƙarya don faranta wa na sama rai, ana kwashe hatsi bisa wannan ƙarya, kuma babu jarida ko ɗan adawa da zai ce uffan. A kusa-kusa ma, ƙayyade farashi da ƙarfin hukuma a Benezuwela ya bar kantuna wayam, saboda ba wanda zai noma ko ya shigo da kayan da za a tilasta masa sayarwa da hasara. Farashi shi ne yake gaya wa manomi abin da zai shuka da yawan da zai shuka, kuma duk gwamnatin da ta kashe shi da sunan tausayin talaka, talakan ne yake fara ji a jikinsa. Don haka ban yarda da masu cewa sai an kawar da jari-hujja kafin a ci a ƙoshi ba. A bar kasuwa ta yi abin da ta iya, wato samar da abinci mai yawa da kai shi wurare, sannan doka ta ɗauki nauyin wanda kasuwa ba ta gani.

An kuwa gwada haka. A 2001, ana fari a jihar Rajastan ta Indiya, rumbunan gwamnati suna maƙare da hatsi sama da tan miliyan 50, har wani yana ruɓewa a fili, mutane kuma suna mutuwa da yunwa a ƙauyuka. Wata ƙungiyar kare haƙƙin jama'a mai suna PUCL ta shigar da ƙara a Kotun Ƙoli, ta kafa hujja da sashe na 21 na kundin tsarin mulki wanda ya tabbatar da haƙƙin rayuwa. A ranar 28 ga Nuwamba 2001 kotun ta umarci jihohi su riƙa ba kowane yaro a makarantun firamare na gwamnati dafaffen abincin rana, aƙalla kwana 200 a shekara, ta kuma mayar da tsare-tsaren tallafi da dama abin da mutum zai iya nema a shari'a. A 2013 majalisa ta kafa dokar wadatar abinci, wadda ta ba kashi 75 cikin ɗari na mazauna karkara da kashi 50 na mazauna birane damar sayen hatsi kilo 5 ga kowane mutum a wata, shinkafa a kan rupi 3 kilo, alkama rupi 2, gero da danginsa rupi 1. Mutum wajen miliyan 800 ke cin gajiyarta, kuma tun daga 2023 kyauta ake bayarwa. Indiya ba ta daina zama ƙasar 'yan kasuwa da manyan kamfanoni ba saboda wannan. Gwamnati sayen hatsin take yi daga manoma da kuɗi. Birazil ma ta bi tata hanyar: shirin yaƙi da yunwa da tallafin iyali na Bolsa Familiya a 2003, dokar 2009 da ta wajabta kashe aƙalla kashi 30 cikin ɗari na kuɗin da gwamnatin tarayya ke ware wa abincin makarantu wajen saye daga ƙananan manoma, sai gyaran kundin tsarin mulki a 2010 da ya sa abinci cikin haƙƙoƙin ɗan ƙasa. A 2014 ta fita daga taswirar ƙasashe masu yunwa ta FAO, wato Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Sai dai bayan tattalin arziki ya karye, aka rage kasafi, aka rushe majalisar ba da shawara kan abinci a 2019, ga annobar korona, ƙasar ta sake komawa taswirar, haƙƙin abincin kuwa yana nan a kundin tsarin mulki ba a goge shi ba. Ba ta sake fita ba sai a 2025, bayan an mayar da kuɗi cikin shirye-shiryen.

Game da maganar gumin wani kuwa, ka tambayi abokinka wane ne yake biyan ɗan sandan da ke gadin kantinsa da alƙalin da ke tabbatar masa da takardar gonarsa. Haƙƙin mallaka, wanda shi ne ginshiƙin jari-hujja, da harajin jama'a ake tsare shi, ciki har da harajin wanda bai mallaki komai ba. Kuma noma bai taɓa zama harkar kasuwa zalla ba ko a ƙasashen da suka fi kowa wa'azin kasuwa, tunda Tarayyar Turai tana kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na kasafinta wajen tallafa wa noma. Idan ya halatta a ɗebi haraji don kada manomi ya karye, ban ga dalilin da zai haramta a ɗiba don kada yaro ya kwana da yunwa ba. Ra'ayin ma ya girmi Majalisar Ɗinkin Duniya nesa ba kusa ba, domin Alƙur'ani ya kira rabon mai roƙo da wanda ya rasa a cikin dukiyar mawadata haƙƙi sananne, kuma an ruwaito cewa Halifa Umar ɗan Khaɗɗabi ya dakatar da haddin sata a shekarar da aka yi yunwa.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Ni 'yar kasuwa ce, kuma damuwata ita ce idan gwamnati ta ɗauki nauyin ciyar da mutane za su zama cima-zaune, sannan jami'ai za su wawure kayan kafin su isa ga mabukata. Ashe ba gara a bar masu hali su ci gaba da sadaka ba?

AMSA

Barka kadai, Hajiya. Damuwarki ta farko ba ta da ƙarfi kamar yadda ake zato. Mafi yawan masu fama da yunwa a duniya yara ne da tsofaffi da mutanen karkara da ke aiki tun safe har yamma, sai dai abin da suke samu ba ya kai su ƙarshen wata. A 2017 masanin tattalin arziki Abhijit Banerjee da abokan aikinsa sun duba gwaje-gwaje bakwai na tallafin kuɗi a ƙasashe shida masu tasowa, ba su ga alamar cewa tallafin yana rage wa mutane himmar aiki ba. Kilo 5 na hatsi a wata ba ya mayar da kowa attajiri, abin da yake yi shi ne hana mutum sayar da akuyarsa ko cire 'yarsa daga makaranta a watan da abubuwa suka tsaya.

Damuwarki ta biyu ita ce mai nauyi. A Indiya an ƙiyasta cewa a wajajen 2005 kusan rabin hatsin tallafi yana salwanta a hanya. Jihar Chatisgar ta rage wannan ɓarna da matakan da ba su da wani sarƙaƙiya: ta karɓe shagunan rabo daga hannun dillalai ta miƙa wa ƙungiyoyin al'umma, ta shafa wa motocin dakon hatsi fenti ruwan ɗorawa don kowa ya gane su idan suka kauce hanya, ta kuma riƙa aika wa mutane saƙon waya cewa mota mai lamba kaza ta taso da buhu kaza. Sata tana samun wurin zama ne inda mai karɓa bai san adadin da ya kamata ya samu ba, yana ganin alfarma ake yi masa. Wanda ya san kilo 5 ne rabonsa a doka, idan aka auna masa 3 zai ɗaga murya. Sadaka kuwa alheri ce babba, kuma babu mai cewa a daina ta, amma tana raguwa daidai lokacin da aka fi buƙatarta, domin shekarar da tattalin arziki ya karye ita ce shekarar da mai bayarwa ma yake lissafin aljihunsa.

TAMBAYA

Malam, ƙasar da baitul-malinta babu komai fa, da me za ta cika wannan haƙƙi?

AMSA

Yarjejeniyar ta san da wannan, shi ya sa ta ce a cika haƙƙin sannu a hankali gwargwadon iyakar ƙarfin ƙasa, amma ba ta yafe wa kowace gwamnati barin mutane su mutu da yunwa ba, kuma wadda ta ce ta gaza sai ta nuna cewa ta yi amfani da duk abin da ke hannunta ta kuma nemi taimako daga waje. Wasu nauyin ma ba sa cin ko sisi, kamar kada a kori manoma daga gonakinsu, kada a tare motocin agaji, kada a yi rabo da wariyar jam'iyya ko ƙabila.

Sai dai gaskiya ne cewa ƙasa matalauciya ba ita kaɗai ke riƙe da cikinta ba. A 1995 Haiti ta rage harajin shigo da shinkafa daga kashi 35 cikin ɗari zuwa 3 bisa matsin masu ba ta bashi, shinkafar Amurka mai tallafi ta cika kasuwa, manoman ƙasar da yawa suka bar gona. Da farashi ya yi tashin gwauron zabo a 2008, bayan Indiya da Biyetnam sun taƙaita fitar da shinkafa, Haiti ba ta da abin da za ta koma wa, aka yi tarzoma har firaminista ya rasa kujerarsa a watan Afrilu. A 2010 Bill Clinton, wanda yake shugaban Amurka a 1995, da kansa ya amsa a gaban wani kwamitin majalisar dattawan Amurka cewa manufar kuskure ce. A wannan mataki na tsakanin ƙasashe ne haƙƙin yake da rauni ƙwarai, domin ɗan Indiya yana da kotun da zai kai gwamnatinsa, amma manomin Haiti ba shi da kotun da zai kai ƙasar da tallafinta ya karya shi, kuma hanyar kai ƙorafi ga kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya da aka buɗe a 2013, ƙasashe kaɗan ne suka amince a yi ƙararsu ta cikinta.